LAFIYA UWAR JIKI: Ciwon Dunduniya, An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A wannan fitowa za mu sauka ne can ƙasa, wurin da ba a cika tunawa da shi ba sai ran da ya yi ciwo, wato dunduniya, wadda wasu ke kira diddige. Dalili kuwa shi ne, cikin 'yan makonnin nan an tare mu da zancenta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a ƙofar masallaci da wajen suna, kuma kusan kowa tambayarsa ɗaya ce: wace ƙwaya ce ke narkar da ƙashin da ya tsiro a dunduniya?

Bari mu fara da abin da muka gani da idonmu. Akwai wata Hajiya a layinmu mai sayar da koko da ƙosai. Ta fi shekara 20 tana wannan sana'a. Da ita ta aurar da 'ya'yanta mata, da ita kuma ta haɗa wa ɗanta kuɗin jirgi zuwa Amurka. Ƙarfe 4 na asuba take tashi, ba ta zama sai hantsi ya dubi ludayi. Ran nan muka je sayen koko, sai muka tarar jikanyarta ce ke zubawa, ita kuwa tana zaune a kan benci ta miƙe ƙafa ɗaya.

Muka ce, "Mma Hajiya, lafiya kuwa yau muka gan ki a zaune?"

Ta ce, "Ɗana, ƙafar nan ce ta sa ni gaba. In na sauko daga gado zan yi alwala, takun farko sai ka ce ƙusa na taka. In na ɗan zazzaga sai ta lafa. In na zauna na tashi, sai ta dawo sabuwa. Na je asibiti an ɗauki hoto, an nuna mini wani ƙashi ya tsiro kamar ƙaya."

Daga nan ta jawo jakarta ta nuna mana abin da take sha. Ga kwalbar kalsiyam da ɗanta ya aiko daga Amurka. Ga ta magniziyam da ta saya wajen mai tallar magani a cikin mota. Na ukunsu kuwa jar kanwa ce, wadda take jiƙawa tana sha safe da yamma, domin wata maƙwabciya ta ce mata tunda kanwa na nunar da wake da ganda, ai ƙashi ma za ta narkar da shi. Wata uku ke nan tana wannan hidima, ciwo yana nan inda yake. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne, mun san Hajiya tana shan maganin hawan jini.

Mun tabbata akwai irinta da yawa a Nima da Mamobi da Sabon Zango, da Aboabo da Asawase a Kumasi, har Tamale da Taciman. Mu mutanen zango yawancinmu a tsaye muke neman abinci: masu waakye da masu tuwo, mahauta da masu tsire, masu gadi, 'yan kasuwa da masu dako. Wanda ƙafarsa ta ƙi, tukunyarsa ce ta ƙi. Saboda haka zancen ya cancanci a zauna a warware shi.

MENE NE KE CIWON?

Ƙafar mutum tana da ƙasusuwa 26, kuma mafi girma a cikinsu shi ne na dunduniya. In ka dubi tafin ƙafarka za ka ga ya ɗan lanƙwasa a tsakiya kamar baka. To, kowane baka yana da tsirkiya. Tsirkiyar ƙafa wata jijiya ce mai faɗi da kauri, wadda ta taso daga ƙarƙashin ƙashin dunduniya ta bazu har gindin yatsu. Kana iya taɓa ta yanzu. Ka kama babban yatsanka ka ja shi sama, sannan ka shafa tafin ƙafar da ɗaya hannun, za ka ji wani abu ya ɗaure kamar igiya. Ita ce.

Duk takun da mutum ya yi, nauyinsa yana danna bakan, tsirkiyar kuma tana jan wurin da ta kama a jikin ƙashi. In jan ya yi yawa, ko don doguwar tsayuwa a kan siminti, ko ƙiba, ko takalmi maras kauri, ko ɗaurewar naman sha-raɓa, sai wurin ya fara tsattsagewa kaɗan-kaɗan, kamar igiyar guga da ta daɗe tana gogar bakin rijiya. Wannan shi ne asalin ciwon ga mafi yawan mutane, kuma ya fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60. Da dare, sa'ad da mutum ke barci, ƙafa takan saki, jijiyar ta tsuke. Da asuba in ya taka, sai a finciko ta gaba ɗaya. Shi ya sa takun farko ya fi kowane zafi.

To, ina labarin ƙashin da aka gani a hoto? Shi wannan tsiro jiki ne ke gina shi a hankali, cikin watanni ko shekaru, a wurin da ake yawan ja da dannawa, kamar yadda kanta ke fitowa a hannun manomi. In ka dubi hoton da kyau za ka lura a kwance yake, bakinsa na kallon yatsu. Bai tsaya tsaye kamar ƙusa yana sukar nama ba. Ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ta ce mutum 1 cikin 10 yana da wannan tsiro, amma cikin masu shi, 1 cikin 20 ne kawai ke jin ciwon ƙafa. Sau da yawa akan ɗauki hoton ƙafa biyu a ga tsiro a kowace, alhali ɗaya ce ke ciwo. Akwai kuma masu ciwo mai tsanani waɗanda hotonsu bai nuna komai ba. Daɗin daɗawa, wanda ya warke sarai, in aka sake ɗaukar hotonsa za a tarar da tsiron yana nan daram.

Ashe ke nan wanda ya duƙufa neman abin da zai narkar da ƙashi ya bar jaki yana dukan taiki.

KALSIYAM DA MAGNIZIYAM

Game da kalsiyam mun ji zance iri biyu a gari, kuma suna karo da juna. Wasu sun ce ƙarancinsa ne ke sa ƙashi ya tsiro, don haka a sha ƙwaya. Wasu sun ce yawansa ne, don haka a daina shan madara da nono. Duka biyun ba su kama hanya ba. Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙasusuwa da haƙora, kuma ɗan abin da ke yawo cikin jini jiki na tsare ma'auninsa sosai, ta hanyar ƙoda da hanji da wasu 'yan ƙananan halittu guda huɗu da ke cikin wuya. Ƙwayar da ka haɗiya ba ta san hanyar dunduniya ba, balle ta je can ta yi aiki.

Mu kuma yi wa kanmu wannan tambaya. Tsiron nan ƙashi ne sosai, irin na haƙarƙari da na cinya. In da akwai abin sha da ke narkar da shi, me zai hana ya narkar da sauran? Wa zai gaya masa ga inda zai tsaya? Babu wani ingantaccen bincike da ya nuna cewa shan kalsiyam, ko magniziyam, ko wani sinadari makamancinsu, yana rage girman tsiron ko yana warkar da jijiyar tafin ƙafa.

Baligi yana bukatar kalsiyam wajen miligiram 1,000 a rana, mace da ta haura shekara 50 kuma wajen 1,200. Ana samunsa a nono da madara da wagashi, da ƙananan kifin nan da ake ci har da ƙayarsu, da zogale da kuka da riɗi. Wanda ya ɗora ƙwaya a kan wannan ba tare da bukata ba, abin da ya fi saurin samu shi ne taurin bayan gida da kumburin ciki. Akwai wanda ya fi wannan. A shekarar 2006 aka bayyana sakamakon wani babban bincike a Amurka, wanda ya ƙunshi mata sama da 36,000 'yan shekara 50 zuwa 79. An ba rabinsu kalsiyam da bitamin D kullum har kimanin shekara 7. Waɗanda suka sha sun fi sauran samun tsakuwar ƙoda da kashi 17 cikin 100. Duk wanda ya taɓa ganin mai tsakuwar ƙoda yana birgima ya san ciwon dunduniya wasa ne a kanta.

Magniziyam shi ma jiki na bukatarsa domin aikin nama da jijiyoyi da bugun zuciya, kuma yana nan cikin gyaɗa da wake da gero da dawa da ganyaye, abincinmu na kullum. Hukumomin lafiya na Amurka sun sa iyakar abin da baligi zai sha ta hanyar ƙwaya a miligiram 350 a rana. In aka zarce, zawo ne ke fara sallama, domin wannan sinadari shi ne a cikin wasu magungunan wanke ciki. Ga mai lafiyayyar ƙoda, rarar takan fita cikin fitsari. Ga wanda ƙodarsa ta yi rauni kuwa, taruwa take yi cikin jini har ta kashe masa jiki, ta rage bugun zuciya da numfashi. Sanin kowa ne ciwon suga da hawan jini sun yi yawa a cikinmu, kuma su biyun nan su ne kan gaba wajen cin ƙoda a ɓoye, mai ita bai sani ba.

Har ila yau, kalsiyam da magniziyam sukan kama wasu magunguna a cikin ciki su hana su shiga jini. Daga ciki akwai tetirasaikilin da sifurofulokzasin, waɗanda ake bayarwa don kashe ƙwayoyin cuta, da ƙwayar ƙarin jini, da maganin maƙoƙo. Mutum na iya shan maganinsa na asibiti a kan lokaci, amma kwalbar da ke gefe tana cinye masa amfaninsa.

Akwai kuma gishirin Epsom da ake sayarwa a kemis, wanda ake zubawa cikin ruwan ɗumi a tsoma ƙafa. Sunan wani gari ne a Ingila inda aka same shi a ruwan wata maɓuɓɓuga a ƙarni na 17, kuma shi ma magniziyam ne. Mai lafiyar fata in ya tsoma ƙafarsa zai ji daɗi, ba mu musa ba. Amma ɗumin ruwan da zaman da ya yi su ne suka yi aikin. Tsiron bai san an yi ba.

Wani zai ce, "To, ai ni na sha kuma na warke." Mun yarda ka warke, kuma mun taya ka murna. Sai dai ƙungiyar likitocin da muka ambata ta ce sama da mutum 90 cikin 100 masu wannan ciwo sukan sami sauƙi cikin wata 10 da hanyoyi masu sauƙi, ba tare da tiyata ba. Ciwo ne mai tafiya da kansa in an rage masa wahala. Kwalbar da ta zo daidai lokacin tafiyarsa ita ke kwashe yabo, mai tallarta kuma ya sami labarin da zai ba fasinjojin gobe.

Kada a fahimce mu a baibai. Akwai waɗanda likita ke rubuta wa kalsiyam da dalili, kamar masu juna biyu a wajen awo, da tsofaffin da ƙashinsu ya yi sakayau yana saurin karyewa. Waɗannan su ci gaba da shan abinsu yadda aka ce. Maganarmu a kan wanda ya rubuta wa kansa ne saboda dunduniya.

ZANCEN KANWA

Kanwa ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu fatake sun ɗauko ta a kan jakuna daga wajen Tafkin Cadi da ƙasar Manga, suka kawo ta Salaga suna musayar ta da goro, tun kafin yaƙin 1892 ya watsa kasuwar garin, mutanenta suka bazu suka cika zanguna. Har yau da ita ake dafa waakye, wanda sunansa ma daga kalmarmu ta wake ya fito. Ɗan abin da ake jefawa a tukunyar gida guda ba shi ne damuwarmu ba. Damuwarmu ita ce a jiƙa ta a kofi a riƙa sha kamar shayi.

Sunan da ake ba ta da Turanci ya sa wasu na zaton fotasiyam ne a cikinta. Alhali mafi yawan abin da ke cikin kanwa sodiyam ne, wato sinadarin nan na gishiri da ke tayar da hawan jini, yana tara ruwa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma yawancinmu mun riga mun wuce haka da gishirin miya da dunƙulen magi da busasshen kifi. Mai hawan jinin da ya ƙara da jiƙon kanwa, yana shan magani da hannun dama ne yana warware shi da na hagu.

A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan matan da ake kawowa da ciwon zuciya bayan haihuwa, jiki a kumbure, numfashi da ƙyar. Suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa, haɗe da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Ɗaya daga cikinsu shi ne Farfesa Eldryd Parry, wanda daga baya ya zo nan Kumasi ya shugabanci makarantar koyon aikin likita daga 1980 zuwa 1985. Binciken da aka yi daga baya ya gano wasu dalilan na wannan ciwo, amma gargaɗin yana nan: yawan kanwa kaya ne a kan zuciya.

Abin da Hajiyarmu ta haɗa kuwa ya fi kowanne haɗari. Likitoci sun daɗe da sanin cewa in mutum yana shan kalsiyam da yawa tare da abu mai kashe tsami irin su kanwa ko soda, kalsiyam na iya hauhawa a jininsa har ya taɓa ƙoda. Alamunsa su ne ƙishirwa da yawan fitsari, tashin zuciya, kasala da ruɗewa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

ABIN DA KE TAIMAKAWA

Tunda mun gane jijiya ce ta gaji, magani shi ne a sassauta ta, a kuma rage mata kaya. Yawancin abin da za mu lissafa ba ya cin ko sidi ɗaya.

Na farko, kada ka taka ƙasa da asuba sai ka miƙar da ita. Ka zauna a bakin gado, ka ɗora ƙafar mai ciwo a kan gwiwar ɗayar. Ka kama yatsun duka ka ja su baya wajen ƙwauri, har ka ji tafin ƙafar ya ɗaure. Ka riƙe ka ƙirga 10, ka saki. Ka yi haka sau 10. A maimaita da rana da kuma dare, da duk lokacin da aka daɗe a zaune za a tashi. A shekarar 2003 wasu likitoci a Amurka sun gwada wannan a kan mutanen da suka daɗe da ciwon, kuma bayan mako 8 masu yin sa sun fi masu miƙar da agara kaɗai samun sauƙin takun farko.

Na biyu, a miƙar da sha-raɓa, domin in ta ɗaure tana jan dunduniya ta baya. Ka fuskanci bango ka dafa shi da hannu biyu. Ka mayar da ƙafar mai ciwo baya, gwiwarta a miƙe, dunduniya a manne da ƙasa. Ka lanƙwasa gwiwar gaba ka matsa wajen bango har ka ji ja a bayan ƙafa. Ka ƙirga 30, sau 3, safe da yamma.

Na uku, sanyi. A cika kwalbar roba da ruwa a sa a firji ta daskare. Da yamma bayan an tashi daga aiki, a zauna a riƙa murza ta da tafin ƙafa na minti 15 zuwa 20. A sa safa ko a naɗe kwalbar da ƙyalle.

Na huɗu, takalmi. Silifar roba da ta sha ƙasa har ta zama kamar takarda babbar abokiyar wannan ciwo ce, haka ma yawo ba takalmi a kan siminti ko tayil. A nemi takalmi mai kaurin ƙasa da taushi a ciki, wanda bayansa ya ɗan fi gabansa tudu, wanda kuma ba ya naɗewa biyu in an lanƙwasa shi. Ko na gwanjo ne ya wadatar, muddin dunduniyarsa ba ta cinye ta gefe ɗaya ba. A ajiye shi a gindin gado, a sa shi tun takun farko. A manyan kemis ana samun 'yar katifar roba da ake sawa a cikin takalmi ƙarƙashin dunduniya.

Na biyar, a gyara wurin sana'a. Mai koko ko mai waakye ta sa kafinta ya yi mata doguwar kujera wadda za ta iya zubawa tana zaune. Inda tsayuwa ta zama dole, a shimfiɗa kwali mai kauri ko tabarmar roba a taka. Mai gadi da mai tsire su riƙa sauya ƙafa, su zauna in sun sami sarari. Mai niyyar aikin Hajji kuma ya fara wannan gyara tun watanni kafin tafiya, domin safa da marwa kaɗai ta kai wajen kilomita 3, kuma a kan daɓen dutse ake yin ta.

Na shida, nauyin jiki. Mun san a wurinmu in mace ta yi ƙiba cewa ake hutu ya karɓe ta. Amma duk kilo ɗaya da ya ƙaru, dunduniya ce ke sauke shi sau dubbai a yini. Rage ko kaɗan ne yana taimakon ƙafa, yana taimakon suga da hawan jini.

Maganin kashe zafi yana da wurinsa, na 'yan kwanaki. Amma a yi hattara da irin su ibufurofen da dikilofenak, waɗanda wasu ke sha kamar gyaɗa. Suna ƙwaƙule ciki, suna tayar da hawan jini, suna taɓa ƙoda. Mai gyambon ciki, da mai hawan jini, da mai juna biyu, kada su sha sai da izinin likita.

In an yi mako 6 zuwa 8 ana wannan ba a ga canji ba, a koma asibiti a nemi a tura mutum sashen masu gashi da motsa gaɓoɓi. Suna da ɗaurin filasta na musamman, da wani abin da ake sa wa ƙafa da dare don kada jijiyar ta tsuke. Akwai allura da ake yi a dunduniya, tana kashe zafin na ɗan lokaci, amma yawan ta na iya tsinka jijiyar ko ya narkar da kitsen da ke tare ƙashi, saboda haka likita kaɗai ke yin ta, kuma ba a kai a kai ba. Tiyata ita ce ta ƙarshe, bayan kamar shekara guda ana fama, kuma kaɗan ne ke kaiwa can.

WAƊANDA BA ZA SU JIRA BA

Mai ciwon suga, muna roƙonka da babbar murya. Wannan ciwo yana kashe jin ƙafa, har mutum ya tsoma ta a ruwan da zai sale shi bai ji ba. Kada ka gasa ƙafa da ruwan zafi ko dutse mai zafi, kada ka murza ƙanƙara, kada ka bari a yi maka tsaga ko sakiya ko ƙaho a tafin ƙafa. Ƙaramin rauni a nan yakan zama gyambon da ke kai mutum ga yanke ƙafa. Duk ciwon ƙafa a wurinka na asibiti ne tun ranar farko.

Haka kuma a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba in dunduniya ta kumbura ta yi ja da zafi, ko akwai zazzaɓi, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko tsalle har ba a iya takawa, ko ana jin ƙafar na mutuwa ko tana yi kamar tafiyar kiyashi, ko ciwon na hana barci ko da ba a taka ba. Saurayin da dugadugansa biyu ke ciwo, bayansa kuma na ƙagewa da safe, shi ma a duba shi, domin yana iya zama ciwon gaɓoɓi ne. Yaro ɗan shekara 8 zuwa 14 mai buga ƙwallo da ke kukan dunduniya kuwa, yawanci wurin girman ƙashi ne ke ciwo. Hutu da takalmi yake bukata, kada a ɗura masa ƙwayar manya.

Duk wanda zai sayi wani abin sha na ƙarin lafiya, ya duba lambar rajistar Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana a jikin kwalbar, da ranar lalacewarsa. In za ka ga likita, ka zuba duk abin da kake sha a leda ka tafi da shi, na asibiti da na kasuwa da na gargajiya, kada ka ɓoye ko ɗaya don kunya. 'Ya'yanmu da ke Amurka da Jamus da Italiya, mun san ƙauna ce ke sa ku cika jaka da kwalabe, Allah ya yi muku albarka. Amma in Mma ta ce dunduniya, ku tambayi lambar ƙafarta ku aiko da takalmi mai kyau, ku kuma biya mata kuɗin awon jini da na ƙoda.

Ita Hajiyarmu, da ƙyar muka shawo kanta ta bar jiƙon kanwa, don cewa ta yi, "Ɗana, kakata da ita ta tsufa." Muka ce, "Gaskiya ne, Mma, amma kakarki ba ta haɗa ta da kwalba biyu da maganin hawan jini ba." Ta yi dariya, ta yarda jikanyarta ta raka ta asibiti da ledar magungunanta. An tarar jininta ya hau fiye da yadda aka saba gani, aka gyara mata magani, aka ce ta ajiye kwalaben. Yau wata biyu ke nan. Ta sami doguwar kujera, ɗanta ya aiko da takalmi, tana jan yatsunta kafin ta sauko daga gado. Ta ce har yanzu tana jin ƙafar in ta wuni a tsaye ranar Juma'a, amma ƙusar asuba ta tafi. Ludayi ya koma hannun mai shi, mu ma masu sayen koko mun shaida bambanci.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko ta ofishin wannan mujalla, da Hausa ko da Turanci, za mu amsa gwargwadon hali. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa iyayenmu da ba su iya boko ba, domin su abin ya fi shafa. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu tsaya a kan ƙafar dai, mu duba faso da kaushi kafin hunturu ya kama. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu ita. Mu kwana nan.